Hatimin da ke Bayan Kujerar Kenneth

Ni kaɗai ne ɗan ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta garin Bowie a Amurka da ba shi da tsohuwar mota. Tawa Toyota ce ta haya, wadda nake ɗaukar fasinja da ita daga Takoma Park zuwa duk inda waya ta tura ni, kuma idan na zo taro can nesa nake ajiye ta, kusa da inda ake zuba shara, don kada ta zubar wa mutane mutunci. Sunana Mahamane, mutumin Damagaram. Kunnena ne ya shigar da ni cikinsu. Na yi shekara tara a gareji a gida ina gyaran kafireton Fijo, har na kai in ji numfashin mota in faɗa maka abin da ke damunta. Makanikan Amurka na yanzu kuwa sai sun jona wa mota kwamfuta ta faɗa musu da bakinta. Tsohuwar mota ba ta hira da kwamfuta, don haka da tsofaffin nan suka gano ni sai suka riƙe ni hannu bibbiyu.

Kowace Asabar da safe ake haɗuwa a filin ajiye motoci na wani coci. Kowa ya faka, ya ɗaga bonet, ya buɗe kujerar naɗewa a bayan motarsa, ya zauna da kofin kofi, sai labari. Ranar da na fara zuwa na ce ashe fada ce irin tamu, wato majalisar hira ta samari, illa dai babu shayi, kuma samarin fadar duk sun ba saba'in baya. Dokarsu mai tsanani guda ɗaya ce: ba a taɓa motar mutum. Kana iya zagin wanda ya zaɓa a siyasa, kana iya ce masa jikansa bai yi kama da shi ba, amma idan maɓallin rigarka ya gogi fentinsa to kun rabu ke nan.

Wanda ya kawo ni shi ne Baba Raymond, tsohon ma'aikacin gidan waya, dogon baƙin dattijo mai shekara saba'in da takwas. Na ɗauke shi ne wata rana zuwa asibiti, muka tsaya a danja, na ce masa motar da ke gefenmu filoginta ɗaya ba ya wuta. Ya dube ni ta madubi ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko ina da abin yi ranar Asabar. Sunana ya gagare shi, sai ya yanke shi ya bar mini "Mo", ni kuma na ƙara masa Baba, ya ce bai ƙi ba.

Motarsa Chevelle ce ta 1970, ja, da ratsin baƙi biyu daga hanci har wutsiya. Irinta Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji, kuma tarihinsu na haddace shi don yawan ji. A shekarun 1960 fetur araha, samari sun samu aiki, sai kamfanoni suka gane cewa idan aka ɗauki injin ƙatuwar mota aka cusa a jikin matsakaiciya, saurayi zai hana kansa barci ya saya. Kamfanin da ke yin Chevelle yana da ƙa'ida kan girman injin da za a sa wa irin wannan jiki. A 1970 ya ɗage ƙa'idar, aka fito da inji mai lamba 454, wanda mafi zafinsa, LS6, aka rubuta masa ƙarfin doki ɗari huɗu da hamsin. Ban san wanda ya ƙirga dawakan ba, amma na ji kukansu kuma ba na musu. Daɗin bai daɗe ba. Inshora ta yi tsada, dokar hayaƙi ta zo, a 1973 fetur ya yi wuya har ana layi, masu ƙwanji suka koma kwanciya a bayan gidaje ɓeraye suna haihuwa a cikinsu.

Wan Baba Raymond, Kenneth, shi ya sayi motar sabuwa fil da ya dawo daga aikin soja. Kenneth bai san birki ba, cikin shekara guda ya fasa injin a wajen tsere aka sa wani. Bayan haka ambaliya ta shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan mahaifiyarsu ta cinye duk takardun motar. A 1975 Kenneth ya kwanta ciwon ajali, ya bar wa ƙanensa motar da magana guda: wannan SS ce ta gaske, da LS6 ta fito daga masana'anta, kada ka yarda wani ya ce maka ba ita ba ce.

To ga inda gizo ke saƙar. Chevelle mai ƙwanji, wato SS, da ta talakawa jikinsu ɗaya, kuma a ta wannan shekarar lambar shasi ba ta bambanta su. Kowa na iya sayen ta talakawa ya ja mata ratsi, ya liƙa mata haruffa biyu, ya zo yana hura hanci. Shi ya sa 'yan ƙungiya ke cewa waɗanda ke yawo a titi yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Idan injin asali ya tafi, shaidar da ta rage ita ce wata takarda da masana'anta ke bugawa ranar da ake haɗa motar. Ni na sa mata suna takardar haihuwa, kuma a raina na zana ta tsaf: farar takarda mai kauri, da tambari, da sa hannun babban mutum, irin wadda ake karɓowa a ofishin magajin gari. Ban taɓa tambayar kowa yadda take ba, don ina ganin na sani.

Mai neman takardar ita ce Madam Tracy, shugabar alƙalan ƙungiya, 'yar siririyar tsohuwa da ta yi ritaya daga wani ofishin ajiye takardun gwamnati. Tana yawo da tocila da ɗan madubi a kan sanda kamar mai duba haƙori. Shekara ashirin da biyu, duk gasar watan Satumba, sai ta zura kai cikin motar Baba Raymond, ta leƙa, ta haska, ta fito ta sa shi a ajin motocin kwaikwayo. Ba ta taɓa cewa Kenneth maƙaryaci ne ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Babu takarda, Raymond." Amma shi abin da kunnensa ke ji daban ne. Kusan kowace shekara shi ke cin kofin wannan ajin, kuma kowace shekara yana barin kofin a kan tebur ya tafi gida. Ina ganin yadda fuskarsa take yi, kuma abin yana ci mini rai, don mu a wajenmu ƙaryata mamaci ba ƙaramin abu ba ne.

Bana sai ciwon bayan da ya daɗe yana fama da shi ya kai ga tiyata. Ya fito yana tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, 'yarsa Rachel kuma ta yanke hukunci cewa a watan Oktoba zai koma wajenta a can garin Charlotte. Gasar bana ita ce ta ƙarshe ke nan. Ya ba ni makullin gareji ya ce in shirya motar.

"Ka yi duk abin da ka ga dama, Mo," in ji shi, "ban da abu ɗaya."

"Na sani, Baba. Kujerar."

Kujerar direba ba wanda ya taɓa zama a kanta sai su biyu. Akwai ƙunar taba a gefenta na dama wadda Kenneth ya yi, kuma Baba Raymond ya hana a ɗinke, ya hana a kwance ko ƙusa ɗaya a jikinta. Ko lokacin da nake saita kafireto, shi ke zama ya taka totur ni ina can cikin bonet.

Ranar Alhamis da la'asar, saura kwana biyu gasa, ina durƙushe a baya ina goge ƙasa sai na ga murfin robar da ke bayan kujerar ya saki ta gefe guda. Na kai hannu don in tura shi ya koma, sai ya faɗo mini gaba ɗaya. A ciki, tsakanin wayoyin kujerar, ga wata takarda an naɗe an cusa, ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi. Na sa filaya na zaro ta a hankali, na buɗe a kan benci.

Gidaje ne ƙanana, layi bayan layi, an ja su murabba'i-murabba'i, kowane gida da lamba ko harafi biyu a ciki, babu jimla ɗaya da mutum zai karanta ya fahimta. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san wannan ko daga barci aka tashe shi. Hatimi ne. Kuma ina aka binne shi? Daidai inda gadon bayan Baba Raymond ke jingina. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Na kira Katung. Maƙwabcina ne a Takoma Park, nas ne a wani asibiti, mutumin Zonkwa, dattijon coci. Shekara goma sha ɗaya muna gardamar addini ni da shi, ko a kan lokacin buɗe baki sai ya sa mini baki, ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya sunkuya a kan benci, ya gyara gilashi, ya ja da baya taku biyu.

"Malam Mahamane, wannan aiki ne," in ji shi.

"Abin da na ce ke nan."

"Ka taɓa da hannu?"

"Da filaya."

"Ka yi hankali." Ya zaro safar hannu ta asibiti daga aljihu, ya ba ni biyu ya sa biyu. Sannan ya nuna saman takardar da bakin biro. "Duba nan. Wannan ba lambar motar ba ce?"

Na je na leƙa lambar shasi ta gilashin gaba na dawo. Ita ce, babu ko tantama. Can ƙasa kuma a wani gida ga LS6 an buga ɓaro-ɓaro.

"Har sunan injin aka sa," na ce.

"Ai dole," in ji Katung. "Sai da suna ake yi. Mu ma a wajenmu haka ne."

Wannan ce rana ta farko da ni da Katung muka zama baki ɗaya, kuma da na san abin da hakan ke nufi da na tsorata tun a lokacin.

Muka kira kawuna Sharifu a Damagaram ta bidiyo. Kawu ba boka ba ne, malamin zaure ne, amma mutane na kai masa irin wannan idan sun tono a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa, da tambayar iyali, da tambayar sanyi duk da muna cikin zafi, na juya masa wayar. Ya matso da ido har ba ma ganin komai sai girarsa.

"Da inji aka buga shi," in ji shi a hankali. "Lallai ƙasar nan ta ci gaba."

"Kawu, mu ƙona?"

"Kul. Sunan abin mutum na ciki, ka ƙona ka ƙona da shi. Kada ruwa ya taɓa, kada rana ta gani, kada ku ƙara masa lanƙwasa ko ɗaya, kada fatar mutum ta shafe shi. Ku sa shi a abin da iska ba ta shiga. Wa ke adawa da dattijon?"

Ni da Katung muka dubi juna. Wa ke zura kai cikin motar nan kowace shekara, da tocila, da madubi, ita kaɗai, kowa na tsaye nesa?

"Akwai wata mata," na ce.

"To shi ke nan," in ji Kawu. "A mayar mata da kayanta. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. A sa a inda take zama."

Katung ya kawo leda mai zif da kwali biyu masu tsabta, muka shimfiɗa takardar a tsakani kamar ana ɗaure karaya. Na mayar da murfin kujerar yadda yake. Baba Raymond ban gaya masa komai ba, don mai jinya ba ya bukatar tashin hankali.

A gida matata Hairat ta leƙa ledar daga nesa, tana riƙe da ludayi.

"Abban Safiatou, wannan fa ya fi kama da rasit ɗin kanti."

"Wane kanti ne yake ba da rasit ya cusa a cikin kujera?"

"Ni dai na faɗa."

"Ke dai ki ji da miyarki," na ce. Na faɗi haka, kuma har yau ana tuna mini.

Ranar Asabar aka kawo Chevelle a kan tirela, muka turo ta ƙasa ina riƙe da sitiyari ta taga. Fili ya cika, motoci sun fi ɗari, ana gasa nama, lasifika na ta tsofaffin waƙoƙi. Rachel ta zaunar da mahaifinta a kujerarsa ta naɗewa a bayan motar, ƙarfen dogarawa a gefe. Ya sa hular sojan Kenneth. Ya ce mini motar ta yi kyau, amma idonsa na kan teburin alƙalai.

Motar Madam Tracy Pontiac GTO ce ta 1966, ruwan zinare, da fayil ɗin takardu mai kaurin bulo a ajiye a kan ɗan tebur don kowa ya gani ya ji kunya. Shirinmu mai sauƙi ne: Katung zai ɗauke mata hankali, ni in yi aikin. Ya je ya tsaya gabanta da hannu a baya kamar ɗan makaranta.

"Madam, wai da gaske ne irin wannan motar ce ta fara fitowa a cikin masu ƙwanji?"

Ai kamar ya buɗe famfo. Ta juya wa motar baya ta shiga ba shi labarin 1964, yadda injiniyoyi suka zagaye ƙa'idar kamfaninsu ta hanyar sayar da babban injin a matsayin ƙari da mai saye zai zaɓa, yadda aka yi zaton za a sayar da kaɗan sai aka sayar da dubbai. Katung yana ta gyaɗa kai yana cewa "Ikon Allah." Ni kuwa na zagaya ta ɗaya gefen, na sa safar hannu, na yi bismillah, na karya babbar dokar ƙungiya: na zura hannu ta taga na tura ledar ƙarƙashin kujerarta. Na ji daɗi irin na wanda ya cire wa ubansa ƙaya.

Abin da muka manta shi ne halin matar. Kafin ta duba motar kowa sai ta fara duba tata. Ko minti goma ba a yi ba muka hango ta durƙushe da madubinta, sai ga ta ta miƙe da ledar a hannu. Ta buɗe kwalin ta duba. Ta cire gilashi ta goge ta mayar. Sai ta zauna daɓas a kan kwalta, tsohuwar da ko ƙura ba ta yarda ta taɓa wandonta.

Katung ya matse mini hannu. "Ya fara aiki," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Da wuri haka?"

"Ai na inji ne."

Ta tashi ta nufo mu. Ta wuce ni, ta wuce Baba Raymond, ta tsaya a gilashin gaban Chevelle ta haska lambar shasi, duk da na tabbata ta haddace ta fiye da lambar wayarta. Ta dubi takarda, ta dubi lamba, sau uku. Mutane suka fara taruwa. Wani ya kashe waƙa.

"Wa ya sa wannan a motata?" in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba.

Na duba gefena, Katung ya zama baƙo, yana karanta tayar wata mota da matuƙar sha'awa. Na tuna ni ɗa ne, na matsa gaba.

"Ni ne, Madam. Kayanki na mayar miki."

"Kayana?"

"Abin da kika sa a bayan kujerar Baba Raymond."

Sai da ta sa na maimaita. Daga nan babu hanyar gudu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban mutum sama da hamsin, da Turancina na direba, na yi bayanin hatimi, da ciwon baya, da Kawu Sharifu, da dalilin mayar wa mai kaya kayansa. Ina magana ina jin maganar tana lalacewa a bakina. Wani tsoho mai mota Mustang ya fara tari, ya koma bayan motarsa, muna jin tarin ya rikiɗe ya zama wani abu.

Madam Tracy ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga takardar ta ce, "Mahamane, ka san mene ne wannan?" Ita kaɗai ce a ƙungiyar take faɗin sunana daidai, don ta taɓa sa ni na rubuta mata.

Ta yi mini bayani kamar yaro. Wannan ita ce takardar da ke bin mota a layin masana'anta. Kowane gida yana gaya wa ma'aikaci abin da zai ɗaura: wannan fenti, wannan giya, wannan inji. Idan an gama, takardar ta zama shara, sai ma'aikaci ya cusa ta duk inda hannunsa ya kai, ƙarƙashin kafet, saman tankin mai, cikin kujera. Baba Raymond ya bincike ko'ina tun kafin in zo ƙasar, sai wuri ɗaya da ya hana kowa taɓawa har da kansa. Ba wanda ya taɓa gaya mini a cikin mota ake samunta, don a ganinsu kowane ɗan Adam ya san haka.

"Takardar haihuwar ke nan?" na ce. "Ba tambari?"

"Ba tambari." Ta juya ledar tana dubawa. "Wa ya koya maka adana takarda? Ba danshi, ba sabon lanƙwasa, ba zanen yatsa. Na yi shekara talatin ina roƙon ma'aikata su yi haka."

"Kawuna ne, Madam."

"Ka gaishe shi. Kuma ka ce ni ka ɗauka na yi wannan don in karya wa Raymond baya?"

"Kuskure ne, ranki ya daɗe."

"An kira ni sunaye da yawa a filin nan," in ji ta, "amma ba wanda ya taɓa zaton ina da iko haka."

A nan fili ya fashe da dariya, har Rachel tana share hawaye. Ni dai na tsaya ina murmushin wanda aka kama da hannu a tukunya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Raymond yana zaune, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon ledar.

Madam Tracy ta je gabansa. Ta sa aka kawo mata makirfo daga teburin alƙalai, ta ce tunda a bainar jama'a ta yi shekara ashirin da biyu tana faɗin ɗayar maganar, wannan ma a bainar jama'a za ta faɗe ta. Ta karanta lambar shasi. Ta karanta gidan da ke nuna SS. Ta karanta LS6. Sannan ta sauke takardar.

"Wannan motar ta gaske ce. Kenneth gaskiya ya faɗa. Raymond, ka yi haƙuri da na sa ka jira."

Baba Raymond ya ce, "Sake faɗin na tsakiyar."

"Kenneth gaskiya ya faɗa."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Rachel ta miƙa masa ƙarfen dogarawa, bai ko kalle shi ba. Taku huɗu ne zuwa ƙofar motar, ya yi su shi kaɗai, ya zura hannu ta taga ya ɗora a kan ƙunar tabar nan. Bakinsa na motsi amma ba mu ji abin da yake faɗa ba, kuma ba wanda ya matsa don ya ji. Ni da na zo da shirin yaƙi da asiri sai ga ni ina goge ido da safar hannun asibiti.

Ana cikin rabon kofuna wayata ta yi ƙara. Kawu ne.

"An mayar mata?"

"An mayar, Kawu."

"Ya kama ta?"

"Har ƙasa ta zauna. Ta kuma ba shi haƙuri a gaban jama'a."

"Mai ciwon fa?"

"Ya miƙe ya taka ba sanda."

"To alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Ai na gaya maka." Na buɗe baki zan yi gyara, sai na rasa ta inda zan kama, don duk abin da na faɗa masa gaskiya ne. Katung da ya dawo daga karatun taya ya ce shi ma dama tun farko jikinsa ya ba shi takardar alheri ce.

A karon farko Baba Raymond ya karɓi kofi ya riƙe. Da aka fara watsewa mai tirela ya matso, sai Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya tafi abinsa, yau motar da ƙafarta za ta koma gida. Rachel ta tuna masa likita ya hana shi tuƙi. Ya ce ya sani. Ya laluba aljihu ya zaro makulli mai tsohon zobe, ya miƙo mini.

"Baba, kujerar fa," na ce.

"Na ga kujerar."

"Ba wanda ya taɓa zama sai ku biyu."

"Mo, shekara hamsin kowa na leƙa motar nan yana neman abin da ke damunta. Kai kaɗai ka leƙa kana neman abin da ke damuna." Ya tura mini makullin a tafin hannu. "Zauna. Kenneth ba zai ce komai ba, kai ka wanke shi."

Na cire takalmi, ban san dalili ba, sai da Rachel ta ce in mayar. Na zauna a hankali. Kujerar ta lotsa daidai jikin wasu mutane biyu da suka fi ni tsawo. Na murza makulli, dawakai ɗari huɗu da hamsin suka farka gaba ɗaya, duk filin ya juyo. Shekara talatin ina tuƙi, daga Damagaram zuwa Agadas, daga Takoma Park zuwa Manassas, amma ƙafata ta ƙi tsayawa a kan kuloci. Sau biyu motar tana mutuwa a hannuna a gaban kowa, Madam Tracy na tsaye da madubinta tana kallo. Baba Raymond yana gefena, kofin yana ƙasa wajen ƙafarsa, takardar kuma ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu. A karo na uku ta tashi, muka fita titi.